Yadda Iyali Za Su Farfaɗo da Tsohuwar Bindigar Ƙuruciya Mai Cin Harsashi Ɗaya

A gidaje da dama na karkarar Amurka akwai wata 'yar siririyar bindiga da aka jingine a kusurwar sito, ko aka cusa can ƙarshen durowar kaya, wadda mai gidan ya koyi harbi da ita tun yana ɗan shekara goma ko sha biyu. Yawanci mai cin harsashi ɗaya ce, ƙaramin harsashin nan da ake kira .22: ka sa ɗaya, ka harba, ka buɗe ka fitar da kwanson, sannan ka sake sa wani. Iyaye sun fi yarda da irinta a hannun yaro domin ba ta barin sa ya yi garaje. Da ita ake harbin zomo da kurege, da ita ake kakkaɓo gwangwani daga kan shinge da yamma. Yau ga shi an yi shekara sittin ko fiye, tsatsa ta hau ƙarfen, katakon ya dushe ya yi baƙi, jikoki kuma sun taso suna tambayar Kaka ko har yanzu tana tashi.

Zan yi misali da Winchester Model 67, wadda aka ƙera a garin New Haven na jihar Connecticut daga 1934 zuwa 1963. An yi sama da guda 380,000, shi ya sa har gobe kayan gyaranta ba su yi wuyar samu ba. Bututunta inci 27 ne, akwai kuma ta yara mai inci 20, tana cin harsashin .22 iri uku: Short da Long da Long Rifle. Abin da zan faɗa a kanta ya shafi 'yan'uwanta irin su Remington 514 da Stevens Model 15, sai 'yan bambance-bambance wajen kwancewa.

Tun daga nan ya kamata iyali su daidaita kan abin da suke nema. A ganina, aikin shi ne a tsayar da lalacewa, a tabbatar bindigar ba za ta cuci kowa ba, a kuma bar mata tarihinta. Wanda ya goge ta fes har ta koma kamar ta kanti ya ɓatar da abin da ya sa aka ajiye ta. Rabon aikin ma a fili yake: katako na yara ne, ƙarfe da sinadarai na manya, kunama da mazaunin harsashi kuwa na ƙwararren mai gyaran bindiga ne mai lasisi.

Doka tukuna

A Amurka mai bindiga yana da damar wanke abarsa da canja mata sassan da suka gaji, amma dokar mallaka da ta gado da ta barin yaro ya riƙe bindiga ta bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka ka duba ta jiharku. Abu biyu na dokar tarayya ne. Na farko lambar shaida: kafin dokar 1968 ba a tilasta sa lamba a kan irin waɗannan ƙananan bindigogi ba, saboda haka in ka duba Model 67 ɗinku ba ka ga lamba ba, kada hankalinka ya tashi, haka aka ƙera yawancinsu. Amma in akwai lamba a jiki, goge ta ko dusar da ita babban laifi ne, samfefa kada ya kusanci wurin. Na biyu, bututun da ya gaza inci 16 yana ƙarƙashin wata doka dabam mai tsauri, don haka maganar rage tsawo a gida ba ta taso ba.

Mai karatu a Najeriya kuwa ya sani lamarin ba ɗaya ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta ce ba a riƙe irin wannan bindiga sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, gyaranta ma ba a yarda kowa ya yi ba sai wanda hukuma ta ba izini. Wannan jagora ta wanda ke zaune inda doka ta yarda ce.

Mataki na 1: A tabbatar babu komai a ciki

Babba ne zai ɗauko ta, bakinta na fuskantar inda babu mutum, yatsa nesa da kunama. Ya ɗaga hannun sakatar, wato ƙarfen da ke rufe bayan bututu, ya ja ta baya, ya leƙa mazaunin harsashi da tocila, ya kuma sa ɗan ƙaramin yatsa ya taɓa. Ido kaɗai bai isa ba, domin tsohon kwanson tagulla yakan yi duhu ya saje da ƙarfe. Idan sakatar ta ƙi buɗewa, a ɗauka akwai harsashi a ciki, kada a doke ta da guduma, a kai ta wurin mai gyara yadda take.

Daga nan a tattara duk harsasan da ke gidan a kulle su a wani ɗaki. Har a gama aikin nan, harsashi ko ɗaya ba ya shiga ɗakin da ake aiki. Kowane zama kuma da wannan dubawa ake fara shi, ko da jiya aka duba, yaran na kallo.

Mataki na 2: A duba ta da kyau kafin a taɓa komai

Ku shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ku ɗauki hotonta ta kowane gefe, har da rubutun da ke kan bututu. A wannan zaman ne ake zaunar da mai bindigar ya yi bayani. Wannan tabon na gefen ƙota, wato katakon bindigar, daga ina? Wa ya sassaƙa haruffan nan da wuƙa? Ɗaya daga cikin yaran ya riƙe littafi yana rubutawa, domin da amsoshin nan za a san tabon da za a cire da wanda za a bari.

Sai binciken lafiyarta. A zare sakatar, a sa farar takarda a ƙarshen baya don ta kama haske, a leƙa cikin bututu. Ana neman tsagogin nan da suka murɗa daga farko zuwa ƙarshe su fito sarai. Duhu da ƙura ba komai ba ne, za su wanku. Abin tsoro shi ne baƙin zobe a wani wuri a ciki, wanda in ka shafa bututun ta waje za ka ji ɗan kumburi daidai wurin. Wannan alama ce an taɓa harbawa alhali wani abu ya toshe hanya. In kun ga haka, mai gyara ne zai yanke hukunci.

A duba leɓen mazaunin harsashi. Harsashin .22 a gefen gindinsa allura, wato siririn ƙarfen da ke cikin sakata, ke dukansa, don haka idan yara sun yi shekaru suna ɗana bindigar suna sakewa babu komai a ciki, allurar takan dinga sarar leɓen har ya lotsa ya turo ƙarfe ciki. Alamarsa ita ce kwanso ya riƙa maƙalewa. A duba wuyan ƙota, bayan kunama, inda katako ya fi tsagewa. A rubuta abin da ya ɓata: saitin baya, noti, farantin gindin ƙota.

Abu ɗaya zai iya sa a dakata gaba ɗaya. Model 67 ta yau da kullum ba mai tsada ba ce, gyara ta ba asara. Amma akwai nau'o'in da aka yi kaɗan, kamar Model 677 da ta fito ba ta da saitin ƙarfe sai na madubi, da wadda cikin bututunta sumul ne babu tsagi. Irin waɗannan masu tara kayan tarihi na neman su da launinsu na asali, sai a tsaya ga wanki da mai kawai.

Mataki na 3: Kayan aiki

Ba su da yawa. Sukudireba irin ta masu gyaran bindiga, mai baki miƙaƙƙe da ke cika tsagin noti daidai; ta gida mai baki kamar tsinin gatari ita ce ta ɓata kan notin yawancin tsofaffin bindigogi. Sandar wanke bututu ta .22 da buroshinta na tagulla da 'yan ƙyallaye. Ruwan wanki irin Hoppe's No. 9, man kwance tsatsa irin Kroil, da man bindiga. Soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000. Samfefa mai lamba 220 da 320 da 400. Asiton, wato sinadarin wanke maiƙo, gam mai haɗi biyu wanda ke jinkirin bushewa, man katako, dutsen guga, tsummoki, safar hannu ta roba da tabarau na kariya ga kowa. Kwalin ƙwai kuma ya fi komai dacewa da ajiye ƙananan sassa, kowane rami da sunansa.

Mataki na 4: Kwancewa

Daɗin Model 67 shi ne sauƙinta. Noti ɗaya ne a ƙarƙashi, gaban kunama, yake riƙe ƙarfe da katako. Sakatar kuma in ka buɗe ta ka danne kunama, sai ta zaro ta baya. Da ka kwance notin nan, bututu ya rabu da ƙota. A cire murfin kunama da farantin gindi, a ɗauki hoto a kowane mataki, domin bayan mako uku babu wanda zai tuna wane noti ne na ina.

Notin da ya ƙi motsi ba a yi masa ƙarfi. A ɗiga masa Kroil, a bar shi ya kwana, a kankare dattin tsaginsa da tsinken sakace, a dasa sukudireba a ɗan ƙwanƙwasa bayanta, sannan a murɗa ana dannawa ƙasa. In ya ƙi, a ƙara masa kwana.

Ita kanta sakatar, shawarata kada a tarwatsa ta in ba a da zanen sassanta a gaba. Akwai sifirin mai ƙarfi a ciki da zai iya tsalle ya sami ido. Sau da yawa jiƙa ta cikin ruwan wanki, da goge ta da tsohon buroshin haƙori, ya isa ya narkar da busasshen man da ya sa allura nauyi.

Mataki na 5: Cikin bututu

Ta baya ake shigar da sanda, ta wajen da sakata ta fita, ba ta baki ba. Leɓen bakin bututu shi ne abu na ƙarshe da harsashi ke taɓawa, in sanda ta cinye gefe ɗaya, saiti ya tafi. A tura ƙyalle jiƙe da ruwan wanki, a jira minti goma sha biyar, a bi da buroshi sau goma yana fita gaba ɗaya kafin a jawo shi, sannan busassun ƙyallaye har su fara fitowa da haske. Bindigar da ta daɗe za ta so a maimaita wannan kwana biyu ko uku.

A kula da mazaunin harsashi musamman. Yaran da sun fi harba .22 Short saboda arha, shi kuma gajere ne, sai ya bar zoben toka da dalma a gabansa. Wannan zoben ne ke hana Long Rifle shiga daga baya. Buroshi jiƙe, ana juya shi da hannu a wurin, yana cire shi.

Baƙin da ke fitowa a ƙyallen nan akwai dalma a ciki. Ƙananan yara da mai juna biyu su bar wannan matakin, ba a ci ba a sha a teburin, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu in an tashi.

Mataki na 6: Tsatsar waje

A nan ne aka fi yin ɓarna. Baƙin launin da ke jikin bututu ba fenti ba ne, wata siririyar fata ce da aka sa ƙarfen ya yi da sinadari, kuma danginta ɗaya da tsatsa. Duk abin da ke cinye tsatsa, irin su ruwan tsami na binega da magungunan cire tsatsa na kanti, zai cinye baƙin ma ya bar ƙarfe fari fat. Samfefa da buroshin inji kuwa har rubutun kamfani suke shafewa.

Idan tsatsar sama-sama ce, a jiƙa ƙarfen da mai sosai, a bar shi ya kwana, a goga soson 0000 a hankali, ana share jan ruwan da ke fitowa da tsumma akai-akai, domin shi ma yana karce ƙarfe. Inda tsatsa ta yi ƙuraje, a kankare su da gefen jan ƙarfe. A can sukan yi amfani da tsohon kwabon Amurka na kafin 1982, wanda kusan duk jan ƙarfe ne, yana kankare tsatsa amma bai kai ƙarfen bindiga tauri ba. Jan layin da ya bari mai na goge shi.

Idan kuwa jan ya rufe ko'ina, akwai hanyar da na fi so, wato dafawa. A wanke duk maiƙo da asiton, a sami doguwar tasa da bututun zai kwanta a ciki, a tafasa shi cikin tataccen ruwa kamar minti talatin zuwa arba'in da biyar. Zafin yana mayar da jar tsatsa baƙa, irin baƙin da kamfani ya yi tun farko. In an ciro shi zai bushe da kansa nan take, jikinsa ya yi wani baƙin gari mai laushi. A goge garin da soson 0000 wanda aka riga aka wanke wa mai da asiton. A ƙarƙashi sai ka ga launi ya dawo, wani lokaci har rubutun da aka ɗauka ya ɓace ya fito. In da sauran ja, a sake. Daga ƙarshe a bushe cikin bututu da ƙyalle, a jiƙa ciki da waje da mai, a bar shi kwana guda. Wannan aikin manya ne, yara su kalla daga nesa.

Wuraren da hannu ya cinye suka yi fari, kamar inda Kaka ke riƙewa, ni zan bar su. Wanda ya ga lallai sai ya rufe, akwai ruwan baƙi na kwalba irin Oxpho-Blue na Brownells ko Perma Blue na Birchwood Casey. Yana rufe ƙananan wurare, amma a kan bututu guda yakan yi dabbare-dabbare, kuma guba ne, sai da safar hannu da taga a buɗe. Sakatar yawancin Model 67 farin ruwan kurom ne a jikinta, baƙi ba ya kama ta, tsumma da mai sun ishe ta.

Mataki na 7: Ƙota

Nan ne yara za su sami aikin da za su yi alfahari da shi, nan ne kuma za a fi daɗewa. Katakon walnat ne, in aka bi shi a hankali yana da kyau ƙwarai.

A fara da wanki: tsumma da ɗan ruwan sabulu, ba jiƙawa ba. Sau da yawa rabin baƙin datti ne kawai, in ya fita sai a ga banish ɗin asali na nan da ransa. In haka ne, a shafa mai sau biyu a tsaya. In kuwa banish ya farfashe yana ɓarewa, babba ya cire shi da maganin cire banish a waje, ya kankare da tsohon katin roba. Kada a sa katakon a injin wanke kwanuka ko a fesa masa maganin wanke murhu, kamar yadda wasu ke ba da shawara; yana tsagewa, launinsa ya mutu.

Kusa da inda ƙarfe ke zama za ku ga katakon ya yi baƙi ƙirin. Man bindiga ne ya yi shekaru yana gangarowa ciki, yana kuma ruɓar da katako. A dama garin alli da asiton ya yi kauri, a shafa, a bar shi ya bushe. Allin zai tsotso man ya koma ruwan ƙasa, a goge a sake, har ya daina canja launi.

Sai lotsawa. Akwai bambanci tsakanin wurin da katako ya danne da wurin da ya yanke. Wanda ya danne yana tasowa: a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kai, a danna tsinin dutsen guga mai zafi na 'yan daƙiƙoƙi, tururi ya shiga ya kumbura katakon. A ɗaga a duba, a sake. Yaro ɗan shekara goma zai iya jiƙa tsumma da nuna wurin, babba na riƙe da dutsen guga, kuma ganin rami ya cike a gaban idonsu abu ne da ba sa mantawa. Wanda ya yanke ba ya tasowa, sai a koma ga littafin da aka rubuta: in tabon yana da labari, a bar shi.

Tsagewa kuwa ba a barin ta. A wanke cikinta da asiton, a ɗan buɗa ta da hannu, a cusa gam da tsinke har ya fito ta ɗaya gefen, a naɗe da takardar kakin zuma, a ɗaure tam da yankakkiyar robar tayar keke, a bar shi awa 24. Roba ta fi abin matsewa na ƙarfe dacewa a nan domin tana bin lanƙwasar wuyan ƙota ba ta barin tabo.

Wajen samfefa, a mayar da farantin gindi a ɗaure, a rufe shi da tef, don kada gefen katakon ya zagaye ya bar faranti a waje. A naɗe samfefa a jikin ɗan katako ko roba mai tauri, a bi tsawon jijiyar katako kawai, ba a gicciye ba. A fara da 220, a wuce 320. Gefunan da ke haɗuwa da ƙarfe kusan ba a taɓa su, domin abin da aka cire ba ya dawowa, ƙarfe kuma zai fito ya yi tsini a sama da katako. Bayan 320 a shafa jiƙaƙƙen tsumma, a bari ya bushe. Za ku ji katakon ya yi gashi-gashi. A share gashin da 400, a maimaita har ya daina tashi.

Mai iri biyu ne aka fi amfani da su. Tru-Oil yana saurin bushewa, yana kuma sheƙi. Dafaffen man linsid yana jinkiri, amma yana ba da launi mai zurfi marar ƙyalli, wanda ya fi dacewa da bindigar wancan zamani, shi na fi so. Ko wanne aka zaɓa, sirrin ɗaya ne: ɗigo biyu ko uku a tafin hannu, a murza kamar yadda ake shafa wa yaro man kaɗe da hunturu, har ya ɓace hannu ya yi ɗumi. Bayan minti ashirin a share ragowar tas, a rataye ƙotar ta kwana, linsid ma ya fi son kwana biyu in akwai laima. Shafi shida zuwa goma yakan isa. Wanda ya zuba da yawa don ya gama da wuri zai sami katako mai danƙo da ba ya bushewa. A ba kowane yaro ranarsa ta shafi, ya rubuta a littafi.

Gargaɗi mai muhimmanci: tsumman da ya sha man linsid, in aka dunƙule shi aka jefa kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. A baza shi a waje a kan siminti ya bushe, ko a nutsa shi cikin gwangwanin ruwa.

Mataki na 8: Sassa da aikin ƙwararre

Yayin da ƙota ke shan mai, a nemi abin da ya ɓata. Numrich Gun Parts a jihar New York sun shahara da sassan tsofaffin bindigogi da zanensu, Brownells a Iowa kuma da kayan aiki. A tabbatar da ainihin nau'in kafin a saya, domin an yi wa Model 67 'yan sauye-sauye cikin shekarun da aka yi ana ƙera ta. Noti, saiti, farantin gindi da sifirin, duk ana iya canja su a gida. Tsofaffin kuma a zuba su a ambulan a ajiye.

Abin da ba a yi a gida shi ne sa magagari ko dutsen wasa a kan kunama da ƙarfen da ke riƙe allura. Ɗan abin da za a ci a wurin ya isa ya sa bindiga ta tashi da kanta. A kai wa mai gyara ƙarfen gaba ɗaya a roƙe shi abu huɗu: ya auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, ya auna fitowar allura, ya mayar da lotsattsen leɓen mazauni da kayan aikinsa in akwai, ya kuma duba kunama da makullin da ke hana bindiga tashi. A tafi da yaran. Kuɗin bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da idon yaro.

Mataki na 9: Haɗawa da gwaji babu harsashi

A share man katako da ya taru a ramin da ƙarfe ke kwanciya, a bi hotuna a mayar da komai. Noti a ɗaure shi ya kama, ba har katako ya yi ƙara ba. Sakata ɗan mai kaɗan take so.

Model 67 ba ta ɗanuwa da rufe sakata. Sai an ja ƙullin da ke bayanta da hannu, makullin kuma wani ɗan fiffike ne a wurin da ake juyawa. Don kare leɓen mazauni yayin gwaji, a sa harsashin roba na gwaji, ko ɗan robar nan rawaya da ake cusawa a bango kafin a ɗaura noti, mai lamba 4 zuwa 6, yana shiga daidai. A ɗana, a sa makulli, a ja kunama: kada allura ta faɗi. A saki kunama, a cire makulli: nan ma kada ta faɗi. A sake ɗanawa, a buga gindin ƙota a kan kafet da ɗan ƙarfi sau uku. In allura ta faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan, bindigar ta koma wurin mai gyara, ba a kai ta fili ba.

Mataki na 10: Ranar harbi

A filin harbi na hukuma ko wurin da ke da tudun ƙasa a baya. Ƙanƙantar .22 na yaudarar mutane, alhali yana iya tafiyar mil ɗaya da rabi. Kowa da tabarau da abin toshe kunne. A sayi sabon harsashi mai matsakaicin gudu, irin CCI Standard Velocity, a bar masu tsananin gudu irin Stinger, a kuma bar tsofaffin da aka tsinta tare da bindigar.

Babba ne zai yi harbin farko, bindiga a kan buhun yashi, takarda a yadi 25. Bayan kowane harbi a ɗauki kwanson a duba. In ya kumbura, ko ya tsage, ko gindinsa ya yi baƙin hayaƙi, a tsaya. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin na kallon takarda daƙiƙa 30 kafin a buɗe. In ƙarar ta fito rauni-rauni ba kamar sauran ba, a zare sakata a leƙa bututu, wataƙila harsashi ya tsaya a hanya. Ramukan takarda su zama zagayayyu. In suna fitowa a kwance, bututu ko leɓen bakinsa na da matsala.

A harba biyar kafin a taɓa saiti. Saitin baya ana matsar da shi zuwa inda ake son harsashi ya koma: in yana faɗawa hagu, a ƙwanƙwasa shi dama da ɗan sandan tagulla, kaɗan-kaɗan, in yana ƙasa, a ɗaga shi mataki ɗaya. Sai an gama wannan yara za su karɓa, ɗaya bayan ɗaya, babba a gefen kafaɗarsu, harsasai a aljihunsa yana miƙa ɗaya-ɗaya. Idan yaro ya ɗana sannan ya fasa, kada ya yi ƙoƙarin sauke ƙullin da yatsa a kan harsashi, yana iya kuɓucewa. Babba ya karɓa ya harba a takarda.

Mataki na 11: Ajiya

In an dawo gida a wanke bututu, a shafe ƙarfe da tsumma mai ɗan mai domin gumin hannu na kawo tsatsa. A ajiye ta a akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai a wani wurin dabam da nasu makullin, mabuɗan a hannun manya kawai, ko da yaran sun nuna hankali a fili. Kada a bar ta cikin jakar yadi ko ta soso, suna riƙe laima. In za a jingine ta, bakinta ya kalli ƙasa a kan ɗan tsumma, don mai ya daina gangarawa cikin katakon da aka sha wahalar tsotsewa. A sa 'yar jakar tsotse laima a akwatin, a ciro bindigar duk bayan wata uku a duba, ƙota kuma a ƙara mata shafi ɗaya na linsid sau ɗaya a shekara.